Ƙugiya, Zare da Koto: Ilmin da Ke Hannun Mai Fatsa

Araba ba garin gulbi ba ne. Wanda ya tsaya a nan, a bakin titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Illela ya nufi Birnin Ƙonni, abin da zai cika masa ido shi ne manyan motocin kaya, da 'yan kabu-kabu, da garken shanu da raƙuma ranar Lahadi idan kasuwar Illela tana ci. Amma a cikin kasuwar nan, in ka bi ta wajen masu kayan miya, ƙamshin banda ne zai tare ka tun kafin ka ga mai ita. Ga tarwaɗa an lanƙwasa ta an haɗa kai da wutsiya an soke da tsinke, ga gargaza, ga ƙurungu ya yi baƙi ƙirin saboda hayaƙi. Wani kifin daga nesa aka ɗauko shi, wani kuwa nan kusa ya fito, daga tafkin Kalmalo idan shekara ta yi ruwa, ko daga gulbin Rima ta wajen Goronyo da Wurno. Mai saye tayawa yake yi ya biya ya wuce. Da wuya ka ji wanda ya tambayi yadda aka yi kifin nan ya rabu da ruwa, alhali kuwa a nan ilmin yake.

Hanyoyin su suna da yawa. Akwai birgi, komar nan mai dalma a baki da ake wurgawa ta buɗe a sama ta rufto kan kifi. Akwai kalli da ake kafawa a tsaye cikin ruwa kifi ya zo wucewa ya sarƙe. Akwai taru na jama'a, akwai gura da ake ajiyewa da dusa a ciki, akwai homa da gora waɗanda duniya ta sani saboda bikin Argungu da aka faro tun 1934. Yawancinsu ƙarfi ake gwada wa kifi, a kewaye shi, a rufe shi, a jawo shi yana so ko ba ya so. Fatsa ta fita daban. Mai fatsa ba shi da ikon tilasta wa kifi komai. Sai ya lallashe shi har ya buɗe baki da kansa ya haɗiyi ƙarfe. Wanda zai yi haka kuwa dole ya san abin da kowane kifi yake ci, da lokacin da yake ci, da zurfin da yake kiwo, da abin da ke firgita shi.

Aikin a gida yake farawa, da hantsi, a zaure ko a inuwar darbejiya. Masunci ya shimfiɗa buhu, ya zazzage kwalin ƙugiyoyi a kai. Da can maƙeran gari ne suke ƙera su ɗaya bayan ɗaya, yanzu kuwa daga kanti ake sayo su, irin na kamfanin Mustad na ƙasar Nowe da makamantansu. Ƙugiya ƙarama ce, amma gaɓoɓinta biyar: gindi, wanda ko dai yana da ido ko an daddaƙe shi ya yi faɗi; sai miƙaƙƙen jiki; sai lanƙwasa; sai tsini; sai ɗan haƙorin nan da ke kallon baya, wanda ke hana ta fita idan ta shiga. Lambarta a juye take tafiya, gwargwadon girman lamba gwargwadon ƙanƙantar ƙugiya. Gargaza mai ɗan ƙaramin baki ƙarama take so. Tarwaɗa mai baki wangamau sai babba mai kaurin jiki, don siririya miƙewa za ta yi a bakinta.

Ba ya yarda da ƙugiya don kawai sabuwa ce. Kowace sai ya ɗora tsininta a kan farcen babban yatsansa ya ja a hankali. In ta zame, ta dakushe, sai ya goga ta a kan ɗan dutsen washi, daga lanƙwasa zuwa tsini, gefe da gefe, ba ya komowa da baya. In ta kama farcen ta bar ɗan zane, ta yi. Wadda ta yi tsatsa ya murje ta da yashi mai laushi ya shafa mata mai. Wadda bakinta ya buɗe fiye da kima ya matse ta kaɗan da hantsaki.

Sai ɗauri, kuma a nan ne ake gane gwani. Kafin zuwan nailan, zaren auduga ko na rama ake murzawa a cinya. Nailan ya fi su ƙarfi kuma ba ya ruɓewa, amma yana da santsi, ƙullin da aka saba yi wa igiyar akuya ba ya riƙe shi. Ga yadda ake yi. Masunci ya kwantar da bakin zaren a jikin ƙugiya, ya yi masa zobe, ya danne da babban yatsa da manuni. Da ɗaya hannun ya kama gefen zoben ya riƙa naɗa shi a kan ƙarfen da zaren gaba ɗaya, sau shida ko bakwai, kowane naɗi yana kwanciya jikin ɗan'uwansa ba tare da ya hau shi ba. In ɗaya ya hau ɗaya, nan ne zaren zai yanke kansa ranar da babban kifi ya ja. Kafin ya tsuke ƙullin sai ya jiƙa shi da yawu, domin nailan in ya gogi nailan a bushe zafi yake yi, zafin kuma yana raunana shi ta inda ido ba ya gani. Za ka ji yana ce wa yaron da ke koyo a gefensa, "Kai ɗana, jiƙa shi tukuna." Yaron ya ce, "To, Baba," ya kai zaren baki. Bayan an tsuke, akwai abu ɗaya da ya rage: zaren ya fito ta cikin ƙugiya, ta ɓangaren da tsini yake kallo. In ya fito ta baya, kaifin gindin zai riƙa cin sa, kuma idan aka fizga, tsinin baya zai yi maimakon ya nutse. Duk wannan a hannun gwani bai kai tsawon gaisuwa ba, yana yi yana hira, idonsa ma ba ya kan aikin.

Sama da ƙugiya da kamar taƙi ɗaya ake maƙala dalma don ta nutsar da koto. A daddaƙe ta ta yi fele-fele, a yanki ɗan guntu, a naɗe shi a jikin zare. Da yawa da haƙori suke matse ta, ni kuwa ina roƙon a bar wannan a yi da hantsaki, don dalma guba ce, musamman ga yara masu koyo. Can sama kuma a ɗaura abin da zai yi yawo a kan ruwa, ko ɓargon karan dawa ko guntun tsohon silifas da aka fiƙe. Shi ne idon mai fatsa a cikin ruwan da ba ya ganin ƙasansa. Ana ja da shi sama ko ƙasa a jikin zare har koto ya tsaya daidai zurfin da ake so. Kuma yana magana ga wanda ya iya saurare. In ya riƙa 'yar rawa yana tsuma a wuri ɗaya, gargaza ce ko ƙananan kifi suke tsattsagar koto, a dakata. In ya kwanta ya miƙe, kifi ya ɗago koton daga ƙasa. In ya nutse tsulum ya nufi gefe, tarwaɗa ce ta ɗauka ta yi gaba, a fizga yanzu. Wanda ya yi gaggawa ya zare koto daga bakin kifi, wanda ya yi nawa ya ɗago ƙugiya tsirara.

Koto kuwa shi ne rabin sana'ar, in bai fi ba. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, to mai fatsa kwaɗayin kowane kifi yake karanta. Tarwaɗa ba da ido take kiwo ba. Da dare take fita, tana lalube da gashin bakin nan nata guda takwas, tana bin wari. Saboda haka abin da ke da ƙarni ake ba ta: hanjin kaza, ɗan kwaɗo, guntun kifin da ya kwana, har da sabulun wanki da ake yankawa ƙanana, wanda ke narkewa sannu a hankali yana aika ƙamshin mai cikin ruwa. Gargaza mai cin gansakuka ce da ƙananan ƙwari, tana karɓar tana ko ɗan curin tuwo da aka murza da dusa har ya yi danƙo. Ƙurungu a ƙasa yake, yana son tana da naman katantanwa. Giwan ruwa, wanda kan wuce kilo 100 a manyan ruwaye, ya fi son ɗan kifi mai rai da aka soke ta baya a saman ƙashi don ya ci gaba da iyo. Tsage yana da haƙora a waje masu yanke nailan nan take, sai an sa masa 'yar waya tsakanin ƙugiya da zare. Bargi kuwa ƙananan abubuwa yake tacewa daga ruwa da laka, shi ya sa masunci ba ya ɓata kotonsa a kansa, koma yake ɗauko masa.

Ko sa tana a ƙugiya akwai yadda ake yi. Ana neman ta a ƙasa mai danshi, gindin randa ko bakin lambu, a ajiye ta cikin gwangwani da ƙasarta a rufe da ɗanyen ganye. A soka tsini ta kai, a riƙa tura ta tana hawa jikin ƙarfe har ta rufe lanƙwasa, a bar wutsiya tana reto tana motsi. Motsin nan shi ne kira. Fara kuma ta bayan wuya ake soka ta, a ƙarƙashin ɓawon nan mai tauri, ba a taɓa cikinta, don ta daɗe da rai tana shure-shure. Ita ba a sa mata dalma. A kan ruwa ake ajiye ta a hankali, kusa da ciyawa, inda fara ta gaskiya kan faɗo idan iska ta kaɗa. Kawara da shemani, masu kiwo a sama, da sun ji shurinta sai ka ga ruwa ya fashe. Haka idan ruwan farko ya sauka shinge ya fito da magariba yana zuba a kan tafki, masunci ya san daren nan kifi sama yake kallo, kuma shinge ne kawai koton da zai yi kasuwa.

Wanda ke su don ciyar da gida ba ya tsayawa kan ƙugiya ɗaya, mamari yake ɗaurawa. Doguwar igiya ce ake jera mata gajerun zarurruka, kowane da ƙugiyarsa, ɗaruruwa. Lissafinsa shi ne tazarar da ke tsakanin zare da zare ta fi tsawon biyun in an haɗa, don kada su kai ga juna su harɗe. Wani mamarin ana sa masa koto, wani kuma ana matso da ƙugiyoyinsa kusa da kusa a bar su haka, a shimfiɗa dab da ƙasa inda kifi marar ɓawo yake wucewa ya maƙale ta jiki. Ana kafa shi da yamma, a ɗaure bakinsa a turke, a sa duwatsu su riƙe shi, a sa gora ta nuna wurin, a koma da asuba. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne naɗe shi. Masunci ya riƙa tara igiyar cikin kwano zagaye bayan zagaye, kowace ƙugiya yana soka ta a bakin kwanon bi da bi, ta yadda gobe idan ya zo saki za ta fita ɗaya na bin ɗaya ba tare da ya tsaya kwance ƙulli ba. Malalaci kan dunƙule nasa ya jefa a lungu don ya gaji, gobe kuma ya wuni yana warwara yayin da maƙwabcinsa ya riga ya kai kifi kasuwa.

Cire kifi ma sai da sani. Tarwaɗa da ƙurungu suna da ƙaya a fukafukan gefe, ƙurungu har da ta baya, kuma yana iya kafe su su ƙi lanƙwasuwa. Ana kama shi ta bayan kai a sa yatsu a bayan ƙayoyin. Minjirya kuwa ba a kai mata hannu haka nan, don tana da wutar da ke girgiza mutum har kafaɗa.

Sa'an nan ga karatun ruwa da na lokaci. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da ke ba ta ikon shaƙar iska, shi ya sa take ɗagowa ta kurɓa ta koma, kuma mai ido yana ƙirga wannan ɗagowa ya san inda suka taru. Da ruwan farko ya malala cikin fadama sukan bi shi su shiga ciyawa don yin ƙwai. Namijin gargaza yakan share ɗan gurbi zagayayye a ƙasan ruwa marar zurfi, macen kuma ta riƙe ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe, a kwanakin nan ba ta cin komai. Da hunturu ruwa ya yi sanyi, kifi ya lafe a ƙasa ya rage ci, sai rana ta ɗaga. Da bazara ruwa ya ja baya, kifi ya matsu a gurbi. Gaiwa kuwa in tafki ya ƙafe sai ta nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta watanni tana jiran damina. Mutanen Kalmalo sun san wannan sarai, domin tafkinsu ba kullum yake cika ba. Daga gulbin Majiya yake samun ruwa, wanda ke gangarowa daga duwatsun Adar a jihar Tawa ta Nijar, kuma a kan hanyarsa akwai madatsun Mozage da Zango da ke shayar da gonakin rani na Ƙonni. Majiya na cikin ruwayen da Nijeriya da Nijar suka yi yarjejeniyar rabonsu a Maiduguri a 1990. Shekarar da ruwa bai iso ba, masunci ko ya koma noman rani ko ya ɗauki kayansa ya bi sawun Sarkawa, waɗanda tun kaka da kakanni suke bin ruwa daga Kabi zuwa Yawuri, zuwa Binuwai, har tafkin Cadi.

Wannan dabara ta ajiye fara a kan ruwa, wasu mutane a ƙasashen sanyi sun ɗauke ta sun kai ta wani matsayi da ya cancanci a tsaya a duba. Suna da wani kifi da ake kira tirawut, mai ɗigo-ɗigo a jiki, wanda ba ya rayuwa sai a ruwa garai-garai mai sanyin da bai cika wuce digiri 20 ba. A zafin Sakkwato ba zai kai labari ba. Yawan abincinsa ƙwarin ruwa ne, masu rayuwa a ƙarƙashin duwatsu wajen shekara guda, sa'an nan su taso sama su fasa ɓawo su yi fiffike, su yi kwana ɗaya ko biyu su mutu. Ƙwarin nan sun yi ƙanƙanta da laushin da ba sa zama a ƙugiya. Sai masu fatsar can suka ce to, bari mu ƙera ƙwaron da hannunmu, da gashin tsuntsu da zare.

Abin ya daɗe. Wani marubucin Rum mai suna Iliyanus, wajen shekara ta 200 Miladiyya, ya ba da labarin mutanen Makidoniya suna naɗa jan ulu a ƙugiya su ɗaura gashin zakara biyu su kama kifi mai ɗigo. A 1496 an buga wani ɗan littafi a Ingila da ya jera ƙwarin gashi goma sha biyu, kowane da watan da ake amfani da shi. A 1886 Frederic Halford ya fitar da littafinsa kan ƙwaron da ke yawo a saman ruwa ba ya nutsewa. A duwatsun Japan kuma akwai irin tasu da suke kira tenkara, sanda da zare da ƙwaro kawai, wadda in ɗan Kalmalo ya gani zai ce ai fatsarmu ce.

Ga yadda ake ɗaura ƙwaron gashi. Ana kafa ƙugiya a bakin wani ɗan ƙarfe mai matsewa da aka ɗaure a tebur, don hannu biyu su samu sakewa. Wata ƙugiyar tsawonta bai fi ƙwayar shinkafa ba. A ɗauko siririn zare a kwarkwaro, a fara naɗi daga bayan ido zuwa lanƙwasa, wannan shi ne shimfiɗar da komai zai zauna a kai. A tsinko silin gashi kaɗan daga wuyan zakara, a daidaita bakinsu, a ɗaure su a ƙarshe su zama wutsiya, tsawonta daidai da jikin ƙugiya. A shafa wa zare kakin zuma, a tsinci gashin zomo ɗan mitsitsi, a murza shi a jikin zaren da yatsu biyu ta fuska ɗaya har ya zama siririn ulu. A naɗa shi gaba, siriri ta baya yana ƙara kauri zuwa ƙirji, domin haka jikin ƙwaro yake. A bi shi da 'yar waya mai ƙyalli a karkace, ta fitar da gaɓoɓin ciki ta kuma kare jikin daga haƙoran kifi. A tsaga gashin agwagwa a yi fiffike biyu a tsayar da su. Sai babban aiki: a zaɓi gashi ɗaya daga wuyan zakara, mai tauri mai sheƙi, a ɗaure gindinsa, a kama bakinsa da ɗan hantsaki a zagaya da shi jikin ƙugiya. Yana zagayawa silinsa suna mimmiƙewa ta kowace fuska, su ne ƙafafun da za su tsaya a kan fatar ruwa. A ƙarshe a yi ɗan kai da zare, a yi ƙullin da ke ɓoye bakinsa a ƙarƙashin naɗi, a ɗiga masa ɗigon gam da bakin allura, a tabbata bai toshe ido ba.

Kowane zaɓi a cikin wannan yana da dalili. Gashin zakara mai tauri ne, yana riƙe ƙwaro a sama. Na kaza mai laushi ne, yana shan ruwa ya nutse yana motsi, da shi ake kwaikwayon ƙwaron da bai riga ya taso ba. Gashin ɗawisu yana ba da ƙyallin kore. Gashin zabo, wannan dai zabon namu mai zane-zane da ake fige shi a zubar a bayan gida, ana sayar da shi a kantunan kayan fatsa na Turai da Amurka a cikin 'yar leda. Mai wannan fatsa idan ya isa rafi ba ya fara jifa. Yakan ɗaga dutse ya duba abin da ke manne a ƙasansa, ya kalli abin da ke tashi a kan ruwa, sa'an nan ya buɗe akwatinsa ya zaɓi wanda ya yi daidai da shi a girma da launi.

Jifan ma daban ne. Ƙwaron gashi ba shi da nauyin da zai ja zare, saboda haka zaren ne aka yi mai nauyi, shi ke ɗaukar ƙwaro. Sandar takan kai ƙafa tara. A ɗaga ta da sauri a tsaya cak, a jira zaren ya miƙe sarai ta baya, sa'an nan a tura gaba a sake tsayawa. Wannan ɗan jiran shi ne sirrin, wanda ya ƙosa zarensa zai tsinke ƙwaron ko ya zube masa a ka. A ƙarshen zaren akwai wani siriri da ke ƙara sirancewa har ya kusa ɓacewa, don ƙwaro ya sauka ba ƙara. Daga nan sai a bar shi ya bi ruwa da saurin ruwan. In zare ya ja shi ko kaɗan ya yi zane a kan ruwa, tirawut ya gane, ba zai taso ba. Da yawansu ma in sun kama sai su cire ƙugiyar, wadda suka riga suka danne haƙorinta, su mai da kifin ruwa. Mu da muke su don tukunya wannan zai ba mu mamaki, amma ta haka rafukansu suke zama da kifi shekara da shekaru.

Kada a ɗauka abin ya tsaya a Turai. A 1905 aka kai tirawut rafukan duwatsun Kenya, kuma yau ƙasar tana cikin manyan masu ɗaura ƙwarin gashi a duniya. Maza da mata suna zaune a tebur suna ɗaurawa da hannu ana fitarwa ƙasashen waje, da yawansu ba su taɓa jefa fatsa ba. Nan kusa da mu kuma, a kogin Faro na arewacin Kamaru wanda ke zuba cikin Binuwai, baƙi suna zuwa daga nesa da manyan ƙwarin gashi masu siffar ɗan kifi suna neman giwan ruwa da tsage. Ashe kifayenmu ma suna karɓa. Ni a ganina yatsun da ke ɗinkin hula da aikin wuyan riga a ƙasar Sakkwato, masu ƙirga zare ɗaya-ɗaya, ba abin da zai gagare su a wannan aiki. Zakara da zabo da zomo kuwa ga su nan a kowace kasuwar ƙauye.

Abin da ke damuna shi ne masu neman gajeriyar hanya. Akwai wanda ba zai zauna ya wasa ƙugiya ba, ba zai tona tana ba, sai ya tsiyaya maganin ƙwari a gurbi ya kwashe abin da ya taso, babba da ƙarami, ya kai wa mutane guba su ci. Akwai mai jan gidan sauro a ruwa yana kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba. Kwana ɗaya suke ci, su bar gurbin fayau. Mai ƙugiya kuwa girman ƙugiyarsa ne ke zaɓar masa kifi, ƙanana suna wucewa su girma. Don haka ne a al'adar Kabi ake da Sarkin Ruwa, ake kuma rufe wasu gurabe har sai lokacinsu ya yi. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma matashin da ke wuni a bakin iyaka yana jiran abin da mota za ta kawo, da ya samu wanda zai zaunar da shi ya koya masa ƙulli ɗaya, da ya ga bambancin abin da hannunsa ya iya da abin da yake jira a ba shi.

Masu wannan ilmi suna nan da ransu a Kalmalo da Goronyo da Wurno da Kware, yawancinsu sun manyanta, kuma ba a rubuce yake ba. Hukumomin Nijeriya da Nijar su dubi hakkin tafkin Kalmalo a ruwan Majiya, masu unguwanni su hana zuba guba da jan gidan sauro. Kai kuma mai karatu, in kana da yaro mai kaifin ido da haƙuri, saya masa kwalin ƙugiya da ƙullin zare, ka kai shi wajen ɗaya daga cikin dattawan nan ya zauna kusa da shi tun ruwan bana bai janye ba.